Yadda Frisco ta haɗiye garin da ya haife ta

Wanda ya tashi daga tsakiyar Dallas, a jihar Texas ta Amurka, ya miƙe arewa, bayan tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai zai shiga Frisco. A ƙidayar 1990 mutanen garin dubu shida ne da ɗoriya. A 2000 sun kai 33,714, a 2010 suka zama 116,989, a 2020 kuma 200,509. A kudancin wannan birni akwai wani babban titi da ake kira Lebanon, akwai kuma makarantar sakandare mai ɗauke da sunan. Sunan wani gari ne da ya riga Frisco kafuwa da fiye da shekara arba'in, wanda yau babu shi. Ba shi da wata alaƙa da ƙasar Labanan. Masu tarihin yankin sun ce waɗanda suka kafa shi sun taho da sunan ne daga garinsu na asali a jihar Tennessee.

In ana ba da irin wannan labari, a taƙaice akan ce birni ya bunƙasa ya cinye ƙauye. Maganar tana da gaskiya, sai dai ta haɗe abubuwa biyu da ke da tazarar kusan shekara casa'in a tsakaninsu. Lebanon ta zama kufai tun Dallas ba ta ko leƙo wannan yanki ba. Da birni ya iso, gonaki ya tarar, da coci, da 'yan gidaje jefi-jefi, da suna. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya yi da waɗannan ragowar, domin a nan ake gane wa ya samu, wa ya rasa, kuma me ya sa wani abu ya tsira wani ya ɓace.

Hanya ce ta kafa Lebanon. A farkon shekarun 1840, lokacin Texas tana ƙasa mai cin gashin kanta, sojojinta suka shata hanya daga Austin zuwa kogin Red River a iyakar arewa. Ɓangaren da ya tashi daga Dallas ya yi arewa shi aka san shi da titin Preston, saboda wani ɗan gari mai wannan suna a bakin kogin. Hanyar ta bi ta kan wani dogon tudu ne, kuma da dalili. Ƙasar yankin baƙa ce mai danƙo, in ta sha ruwa keken doki ba ya motsi a cikinta, don haka matafiyi ya fi son bin tudu inda ruwa ba ya kwanciya. A 1841 gwamnatin Texas ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani, wanda aka fi sani da sunan Peters, ya kawo baƙi su zauna a arewacin ƙasar: mai iyali eka 640, gwauro eka 320. Ƙasar da ake rabawa ba fanko ba ce. 'Yan asalin nahiyar, irin su Caddo da Wichita da Comanche, sun daɗe suna zama da farauta a cikinta kafin a kore su. Wannan shi ne tashi na farko a wurin, kuma shi ne wanda aka fi saurin tsallakewa.

Daga baya titin Preston ya zama wani ɓangare na burtalin Shawnee, inda ake kora garken shanu daga Texas zuwa kasuwannin Missouri. Mai kora shanu yana buƙatar zango, da ruwa, da maƙeri, da kanti. Lebanon ta samar da waɗannan. A 1860 aka buɗe mata gidan waya, wanda a wancan zamani shi ne shaidar cewa gwamnati ta san da zamanka. Burtalin bai daɗe ba. Shanun Texas suna ɗauke da kaska mai sa wa shanun arewa zazzaɓi, manoman Missouri suka riƙa tare hanya, bayan yaƙin basasar Amurka kuma harkar ta koma yamma, kan burtalin Chisholm. Lebanon ba ta girgiza ba, saboda auduga ta maye gurbin shanu. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 gari ne mai ɗaruruwan mutane, da shaguna, da coci-coci, da makaranta.

Sai shekarar 1902. Kamfanin jirgin ƙasa na St. Louis da San Francisco, wanda kowa ke kira Frisco a gajarce, yana shimfiɗa layin dogo ta yankin. Kan jirgi na lokacin da tururi yake tafiya, dole ya riƙa tsayawa yana shan ruwa, kuma ba ya son hawa. Tudun da ya sa hanyar shanu ta bi ta Lebanon shi ne ya sa layin dogo ya kauce mata. Injiniyoyi suka sa wurin shan ruwa da tasha a gangare, kimanin kilomita shida daga garin. Babu wanda ya ƙi Lebanon, babu wanda ya shirya mata makirci. Lissafin ruwa da gangara ne kawai. Amma kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka ba jigila kaɗai suke yi ba, dillalan filaye ne na gaske. A watan Fabrairun wannan shekara aka yi gwanjon fulotai a gefen sabuwar tashar. Manomin da ke da auduga ya san inda zai kai ta, mai kanti ya san inda manomi zai je.

Mutanen Lebanon ba kayansu kaɗai suka kwashe ba, har da gidajen. Da yake na katako ne, sai a ɗaga gida a ɗora a kan gungumen itatuwa a ja shi a hankali har sabon gari. Ɗaya daga cikinsu, gidan wani ɗan kasuwa T.J. Campbell, yana nan tsaye a babban titin tsohon garin Frisco. Sabon garin da farko sunansa Emerson, sunan mai gonar da aka yanka, amma hukumar gidan waya ta ƙi amincewa saboda ya yi kama da na wani gari mai suna Emberson. Sai aka ɗauki sunan kamfanin jirgin. Har yau tambarin birnin daga tambarin kamfanin aka samo shi. (Shi kuwa kamfanin, duk da sunansa, layinsa bai taɓa kaiwa San Francisco ba, kuma a 1980 wani kamfani da ya fi shi girma ya haɗiye shi.) A 1905 aka rufe gidan wayar Lebanon. A 1908 Frisco ta samu rajistar zama gari mai hukumarsa. A ƙidayar 1910 tana da mutum 332.

Ba Lebanon kaɗai wannan layi ya yi wa haka ba. A 'yan kilomitoci arewa, mutanen Rock Hill sun kwashe zuwa sabon garin Prosper, su kuma mutanen Celina suka tattara gine-ginensu suka koma bakin dogo da sunansu da komai. Tun kafin nan, a 1848, garin Buckner ya rasa matsayin hedikwatar gundumar Collin, wadda Lebanon ma take cikinta, saboda ba ya kusa da tsakiyar gundumar kamar yadda doka ta tanada, aka ba McKinney, Buckner ta watse. Yau wurin yana cikin McKinney. Preston ɗin ma da aka sa wa titin sunanta tana ƙarƙashin ruwan tafkin Texoma tun da aka datse kogin a shekarun 1940.

Jirgi shi ya yi babban sara, amma akwai ƙananan abubuwa da suka ƙarasa aikin, kuma kowannensu alheri ne a idon wanda ya amfana. A 1896 gwamnatin Amurka ta fara kai wa manoma wasiƙa har ƙofar gona kyauta. Kafin nan sai manomi ya shigo gari ya karɓa, in ya shigo kuma ya yi sayayya, ya ji labari. Gidajen waya a ƙasar sun kai ƙololuwarsu a 1901, guda 76,945, daga nan suka yi ta raguwa, kantunan da ke rayuwa a inuwarsu suna bin su. Mota ta zo, aka shimfiɗa kwalta daga gonaki zuwa kasuwanni, musamman bayan dokar jiha ta 1949 da ta ware wa wannan aiki kuɗi duk shekara. Tafiyar da take cin wuni ta koma ta minti ashirin, ƙaramin kanti ya rasa dalilin zamansa. A wannan shekara dai aka yi wa harkar ilimi garambawul, aka haɗe dubban ƙananan hukumomin makarantun karkara. Motar makaranta ta riƙa kwasar yara zuwa gari. Tarakta da injin tsinkar auduga suka sallami iyalan da ke noma gonar wani ana raba amfani, baƙaƙe da farare, suka nufi birane neman aiki. Alƙaluman gundumar Collin sun nuna abin ƙarara: mutum kusan dubu hamsin a 1900, dubu arba'in da ɗaya a 1960. Frisco kanta, wadda ta ci nasara a kan Lebanon, ba ta kai mutum dubu biyu ba a 1970. Gari ne na injin gurzar auduga da rumbunan hatsi, wanda shi ma da abubuwa sun tafi wani iri da yanzu ana lissafa shi cikin kufai.

A 2020 wannan gunduma ta haura mutum miliyan ɗaya.

Abin da ya juya lamarin ba daga gona ya fito ba. Dallas ta yi ta tafiya arewa, unguwa bayan unguwa, Richardson ta cika, Plano ta cika. A shekarun 1980 aka buɗe wani katafaren filin ofisoshi a arewacin Plano, kan iyaka da Frisco. Kamfanin EDS na Ross Perot ya zauna a can, da Frito-Lay, da JCPenney da ya baro New York, daga baya a 2017 Toyota ta buɗe hedikwatarta ta Arewacin Amurka. Titin mota mai kuɗin wucewa da ya taso daga Dallas ya iso bakin Frisco a tsakiyar shekarun 1990, ya ratsa ta zuwa 2007. A shekarar 2000 aka buɗe babbar cibiyar kasuwanci ta Stonebriar a gefen titin Preston. Haka tudun da jirgi ya guje wa ya sake zama wuri mai tsada, domin mota ba ta damu da hawa ba, kuma ɓangaren kudu shi ya fi kusa da inda ayyuka suke. Tsohon garin da ke bakin dogo ya koma gefe, nauyin birnin ya gangaro kudu, wajen da Lebanon take a da.

Amma gidaje su kewaye wuri daban, birni ya mallake shi a hukumance daban. A nan doka ta shigo, kuma dokar Texas ta daɗe tana goyon bayan birni. Tun 1912 duk garin da ya wuce mutum dubu biyar yana iya rubuta kundin mulkinsa, kuma a da irin waɗannan garuruwa suna da ikon faɗaɗa iyakarsu ba tare da neman yardar mazauna wurin ba. Birane suka riƙa rige-rigen kama ƙasa, har a 1963 majalisar jiha ta sa tsari. Ta ba kowane gari wani zobe a bayan iyakarsa wanda babu wani gari da zai taɓa: rabin mil ga mai ƙasa da mutum dubu biyar, yana ƙaruwa har mil biyar ga mai dubu ɗari ko fiye. A cikin zoben, gari yana da ta cewa kan yadda za a yanka filaye, kuma ba za a kafa sabon gari ba sai da izininsa. Yana iya shigo da ƙasar da ta kai kashi goma cikin ɗari na faɗinsa a shekara. Da ya shigo da ita, iyaka ta matsa, zoben ma ya matsa. Dokar da aka yi don rage haɗama sai ta zama taswirar da kowane birni ke duba abin da zai ci nan da shekara ashirin.

A irin wannan tsari wuri kamar Lebanon ba shi da bakin magana. Ba shi da magajin gari, ba shi da majalisa, ba shi da iyaka a takarda. A idon doka gonakin mutane ne kawai da ke kusa da juna. Ba a yi wata rana guda da aka ce yau an haɗiye Lebanon ba. Gona ɗaya ake saya, a shigo da ita, a yanka, a wuce ta gaba. Garuruwan da suka yi rajista ma ba duka suka tsira ba. Renner, wadda ke tsakanin Dallas da Plano, tana da hukumarta, amma a 1977 ta shige cikin Dallas. Ƙaramin gari da gidaje suka yi masa zobe yana fuskantar lissafi mai wuya: mutane na son ruwan famfo, da bututun kwashe ƙazanta, da 'yan kwana-kwana, shi kuma ba shi da masu biyan harajin da za su ɗauki nauyin. Sau da yawa bututun ruwa ne ke yanke hukunci tun kafin a je ga ƙuri'a.

Me birni ke nema da gonar dawa da ciyawa? Texas ba ta karɓar harajin albashi. Birane suna rayuwa ne da harajin gidaje da filaye, da kason da suke samu daga harajin saye da sayarwa. Mahaɗar tituna biyu da yau shanu ke kiwo a kanta, gobe ita ce mazaunin kantunan da za su biya albashin 'yan sanda. In ba ka kama ta ba maƙwabcinka zai kama, ya ci harajin, ya bar ka da cunkoson motoci. Shugabannin Frisco sun fahimci haka da wuri. A farkon shekarun 1990 mutanen garin suka amince da ƙarin harajin saye da sayarwa don a tara kuɗin jawo kamfanoni, kuma da irin wannan kuɗi aka jawo filayen wasa da hedikwatar ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Dallas Cowboys da aka buɗe a 2016.

Akwai wata dabara ta haraji da ke bayyana abin da baƙo kan gani ya yi mamaki, wato shanu suna kiwo a gindin dogayen benaye. Tun gyaran kundin tsarin mulkin jihar na 1978, filin da ake noma ko kiwo a kansa ana ƙiyasta harajinsa ne bisa abin da yake samarwa, ba bisa kuɗin da zai yi a kasuwa ba. An yi wannan ne don kada haraji ya kori manomi daga gonar gadonsa, kuma ya taimaki manoma da yawa. Sai dai dokar ba ta tambayar wane ne mai filin. Kamfanin da ya sayi eka ɗari biyar yana jiran farashi ya hau zai iya ba wani haya ya zuba 'yan shanu, ya riƙa biyan haraji kaɗan shekara da shekaru. Ranar da aka fasa ƙasa don gini sai a biya bambancin 'yan shekarun baya, da shekara biyar ne, a 2019 aka rage zuwa uku. Tun 2012 ma kiwon zuma a fili mai eka biyar zuwa ashirin ya isa. Saboda haka yawancin abin da ido ke gani kamar ragowar karkara a bakin irin waɗannan birane, hajar da aka ajiye ce tana jiran kasuwa.

To wa ya samu? Amsar tana bin takardar mallaka. Iyalin da suka riƙe gonar kakanninsu a kan tudun Preston har zuwa shekarun 1990 sun sayar da ita a farashin da kakannin ba su taɓa tunani ba. Ba na cikin masu yi musu kuka, su ma ba na jin suna nema. Waɗanda suka yi wa ƙasar aiki da hannunsu ba tare da sun mallake ta ba, sun tashi tun shekara hamsin kafin kuɗin ya zo, kuma babu titin da ke ɗauke da sunansu.

Akwai kuma waɗanda suka mallaki ƙasar amma mallakar ba ta kare su yadda ta kare wasu ba. A arewa maso gabashin Dallas an yi wata unguwar karkara mai suna Little Egypt, wadda Jeff da Hanna Hill, bayi da aka 'yanta, suka kafa bayan yaƙin basasa. Zuriyarsu da maƙwabta suka zauna a wurin shekara da shekaru, da cocinsu. Da birni ya iso, sababbin rukunan gidaje suka kewaye su, da kwalta da ruwa da komai, amma bututun bai shiga Little Egypt ba. Wurin da babu ruwa ba ya daraja kamar na kusa da shi, mai sayarwa kuma ba shi da ƙarfin ciniki. A watan Mayun 1962, bayan 'yan kasuwa sun saye filayen gaba ɗaya, motocin ɗaukar kaya suka kwashe mutanen a rana guda, aka rushe gidajen. An biya su, wasunsu sun koma gidajen da suka fi na da. Amma tashin farashin da ya biyo baya wasu ne suka ci shi. Lebanon ta mutu da kanta kafin birni ya zo. Little Egypt da ranta aka same ta, aka hana ta abin da zai sa ta ci gaba da zama. Kalmar haɗiyewa tana rufe wannan bambanci, shi ya sa nake ganin bai kamata a riƙa jera irin waɗannan wurare a layi ɗaya ba kamar duk ƙaddara guda ce ta same su.

Abin da ya fi daɗewa a kufai shi ne maƙabarta, kuma dalilin na doka ne. A Texas tono kabari yana buƙatar izini da hanyoyi masu tsawo, kuma doka ta ba mutane damar ziyartar maƙabarta ko da tana tsakiyar filin wani. Ga mai gina gidaje, ya fi sauƙi ya zagaye ta da shinge ya ci gaba da aikinsa. Frankford misali ce mai kyau. Ita ma zango ce a kan burtalin Shawnee, kudu da Lebanon, ita ma layin dogo ya kauce mata a ƙarshen shekarun 1880, kasuwancinta ya koma inda ake kira Addison yanzu. Yau tana cikin arewacin Dallas, tsakanin gidaje masu tsada. Abin da ya rage farin coci ne na katako na ƙarshen ƙarni na 19, da maƙabarta, da ɗan fili da garma ba ta taɓa shiga ba. A wannan ɗan fili ake samun ciyayin asali na baƙar ƙasar Texas, wadda abin da ya rage nata a duk jihar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Matattu ne suka tsare ta.

Wannan kariya ma ba kowa ta rufe ba. Maƙabartar bayin da aka 'yanta a Dallas, wadda aka kafa a 1869 lokacin wurin yana bayan gari, an bi ta kanta da babban titin Central a shekarun 1940. Sai da aka zo faɗaɗa titin a farkon shekarun 1990 aka tsaya aka yi aikin tono a tsanake, aka kwashe gawarwaki fiye da 1,100 aka sake binne su a gefe, aka gina wurin tunawa. Doka iri ɗaya ce a littafi, amma sai da aka samu masu murya a majalisar birni kafin ta yi aiki.

Gine-gine kuwa makomarsu ɗaya ce daga biyu, ko rushewa ko ƙaura. Cocin Baptist na Lebanon, wanda ya ƙi bin jama'a a 1902 ya tsaya a wurinsa kusan ƙarni guda, daga ƙarshe shi ma an ɗauke shi an kai shi harabar gidan tarihin Frisco, kusa da layin dogon da ya kashe garinsa. Makarantar Renner tana wani wurin ajiye tsofaffin gine-gine kusa da tsakiyar Dallas. Ba na raina wannan aiki, domin da ba a yi ba da babu komai. Amma gini in an raba shi da wurinsa ya rasa rabin bayaninsa. Wanda ya ga cocin Lebanon a gindin dogo ba zai gane cewa tudu ne ya kafa garin kuma tudu ne ya kayar da shi ba.

Suna shi ne ya fi komai arha, shi ya sa ya fi yawa. A 2016 hukumar makarantun Frisco ta buɗe sakandaren Lebanon Trail, a 2021 ta buɗe ta Emerson, sunan da gidan waya ya ƙi karɓa kusan shekara ɗari da ashirin kafin nan. Doguwar hasumiyar Reunion da ake gane Dallas da ita ta samo sunanta daga La Réunion, wani sansani da Victor Considerant ya kafa a 1855 da baƙi daga Faransa da Beljiyam da Suwizalan, masu burin zaman tarayya bisa koyarwar Charles Fourier. Cikin 'yan shekaru ya watse, yau ragowarsa 'yar maƙabarta ce a yammacin birnin. Sabon birni yana buƙatar tarihi kamar yadda yake buƙatar tituna, kuma garin da ya mutu ba ya musu, ba ya neman diyya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Frisco a ƙidayar 2020 'yan asalin Asiya ne, da yawansu daga Indiya. Yaransu ne ke sa rigar wasanni mai sunan Lebanon. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Waɗanda suka kawo sunan su ma baƙi ne, daga Tennessee suka ɗauko shi.

A 'yan shekarun nan majalisar Texas ta juya wa birane baya. A 2017 ta fara taƙaita ikon faɗaɗa iyaka a manyan gundumomi, a 2019 ta kusan kawo ƙarshensa a duk jihar: yanzu sai masu fili sun nema, ko mazauna sun yarda ta hanyar ƙuri'a ko sa hannu. A 2023 ta ƙara da ba masu fili damar ficewa daga zoben nan na bayan gari. Masu goyon baya sun ce an kare haƙƙin mai gona daga harajin da bai zaɓa ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya zaci wannan zai tsare ƙauyuka bai duba yadda ake ginin ba. Mai gina gidaje ba dole sai da birni ba. Dokar jihar ta ba shi damar kafa wata ƙaramar hukuma ta musamman a kan filinsa, ta ci bashi ta shimfiɗa ruwa da bututu, masu sayen gidajen su biya a harajinsu. Gidaje dubu uku za su iya tsirowa a bayan ƙauye ba tare da iyakar wani birni ta motsa ba. Abin da ya ragu shi ne ikon birnin na cewa ga inda titi zai bi, ga inda za a bar fili.

Ita Frisco ta kusa cika, iyakokinta sun haɗu da na maƙwabta ta kowane ɓangare. Guguwar ta wuce arewa, kan titin Preston ɗin dai. Celina, wadda ta ja gidajenta zuwa bakin dogo a 1902, ita hukumar ƙidaya ta bayyana a matsayin birnin da ya fi saurin girma a Amurka a 2023, da ƙarin fiye da kashi 26 cikin ɗari a shekara guda. Ruwan da waɗannan unguwanni ke sha kuma daga nesa ake jawo shi. A gundumar Fannin, can arewa maso gabas, an datse rafin Bois d'Arc aka yi tafki, babban tafki na farko da aka gina a Texas cikin kusan shekara talatin, ya fara ba da ruwa a 2023. Dubban ekoki na gonaki da dazuzzuka ne suka nutse a ƙarƙashinsa, a yankin da babu wani birni da ya taɓa shigar da shi cikin iyakarsa.